Neman kalmar Hausa: me za mu kira organic da inorganic a ilmin sinadarai?

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. Ana neman kalmomin da za su tsaya a madadin organic da inorganic a darasin sinadarai. Abin da ya fi yawo a rubuce-rubuce shi ne "sinadarai masu rai" da "marasa rai". Ni dai bai kwanta mini ba, amma ina so in ji ta bakin masu fannin kafin in yi watsi da shi.

Malamin Sinadarai: Wa alaikumus salam. Gara da bai kwanta miki ba, Malama. Babu sinadarin da yake da rai. Sukari ba ya numfashi, ba ya haihuwa. Idan kuma ana nufin "wanda ya fito daga abu mai rai", nan ma ba a tsira ba. Leda da nailan da asfirin duka oganik ne, alhali a masana'anta ake haɗa su. A ɗaya ɓangaren, asid ɗin da ke cikin tumbinmu, wato haidarokulorik, inoganik ne, haka ma kalsiyam fosfet da ke ƙarfafa ƙashi da haƙori. Ga su a jikin mai rai, amma ba sa cikin rukunin.

Ɗalibin Likitanci: To "na halitta" fa, Malam? Na ga wasu suna amfani da shi.

Malamin Sinadarai: Dutse ma ai halitta ne, gishiri ma haka. A kunnen Bahaushe kalmar ta haɗe komai, ba ta raba komai ba.

Malamar Bayoloji: Bari in ƙara wani abu, don kuskuren nan daga Turawan kansu ya samo asali. A farkon ƙarni na 19, masana irin su Berzelius na ƙasar Suwidin sun ɗauka cewa sinadaran jikin dabba da tsiro ba sa haɗuwa sai da wani ƙarfi na musamman da ke cikin mai rai kaɗai. Sunan ma daga nan ya fito. A 1828 Friedrich Wöhler, Bajamushe, ya so ya haɗa gishirin amoniyam sayanet. Da ya ƙafar da ruwan a kan wuta, sai ga fararen ƙwayoyi masu ƙyalli kamar gishiri, ya gwada ya tarar yuriya ce, irin wadda ƙoda ke fitarwa a fitsari. Ƙwayoyin zarra iri ɗaya ne a amoniyam sayanet da yuriya: kabon 1, haidarojin 4, naitarojin 2, oksijin 1. Zaman su ne kawai ya sauya. Ya rubuta wa Berzelius cewa zai iya yin yuriya ba tare da ƙodar mutum ko ta kare ba. Tsohon ra'ayin bai mutu a ranar ba, sai da Hermann Kolbe ya haɗa asid ɗin da ke cikin binega daga kayan da ba su fito daga jikin mai rai ba a 1845, wasu ma suka biyo baya. Idan muka ce "masu rai", mun koma mun ɗauko akidar da masu ita suka jefar kusan shekara 200 da suka wuce.

Mai Fassara: Na gamsu. To a yau mene ne ma'aunin rabewar?

Malamin Sinadarai: Kabon. Ƙwayar kabon tana da hannu huɗu na riƙo, tana riƙe 'yar'uwarta kabon su yi sarƙa mai tsawo, ko mai rassa, ko zobe, haidarojin ya cike sauran hannayen. Mafi sauƙi shi ne iskar mitan: kabon 1, haidarojin 4. Saboda haka ni zan ce "masu kabon" da "marasa kabon".

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji: Allah ya gafarta Malam, a nan zan ɗan ja da kai. Iskar kabon dayoksaid tana da kabon. Farar ƙasa da alli, wato kalsiyam kabonet, suna da kabon. Lu'ulu'un daimon kabon ne zalla. Duk ana lissafa su a inoganik. Amoniyam sayanet ɗin Wöhler ma da kabon a cikinsa. Ɗalibin da aka koya wa "marasa kabon" zai faɗi tambayar farko da ta ambaci alli. Kuma kada wani ya ce a gyara da "masu kabon riƙe da haidarojin", don a yuriya babu haidarojin ko ɗaya da ke manne da kabon kai tsaye, duk a jikin naitarojin suke. Iyakar nan al'adar masana ce ta shata ta, ba a miƙe take ba.

Malamin Sinadarai: Ka yi gaskiya, na janye. To a ce "dangin kabon". Dangi ba ya nufin duk wanda ya shigo gida. Alli maƙwabci ne, ba ɗan dangi ba. Kalmar tana nuna cewa kabon ne tushen zuri'ar, ba ta kuma yi alƙawarin cewa duk mai kabon yana ciki ba.

Malamar Bayoloji: Wannan ya fi. Mu gwada shi a inda ya fi wuya, wato darasin asalin rayuwa, don a can ne "masu rai" ke yin ɓarna sosai. A 1952 Stanley Miller, ƙarƙashin Harold Urey a Jami'ar Shikago, ya haɗa tulun gilashi biyu da bututu ya rufe ruf. Ƙaramin da ruwa ana tafasa shi, a madadin teku. Babban mai lita 5 an zuƙe iskar ciki an zuba mitan da amoniya da haidarojin, kashi 2 da 2 da 1, a madadin iskar duniyar farko. Wayoyi biyu suna ta tartsatsi a ciki, a madadin walƙiya. Tururi ya hau, ya ratsa tartsatsin, ya huce a bututu mai sanyi, ya koma ruwa. Dole a fitar da oksijin gaba ɗaya, don in ya haɗu da haidarojin da tartsatsi tulun zai fashe, ko da kaɗan ne kuma zai lalata abin da ake nema. Bayan mako guda ruwan ya yi ja ya turɓune, aka sami amino asid irin su gilaisin da alanin, tubalan da ake gina furotin da su. An buga sakamakon a 1953.

Yanzu ku ji jimlar da tsohuwar fassara: "Miller ya samar da sinadarai masu rai." Mai karatu zai ɗauka an ce mutumin ya ƙirƙiri rai a kwalba, abin da bai yi ba, bai kuma yi da'awa ba. Da sabuwar: "Miller ya samar da manyan sinadaran dangin kabon daga iska da ruwa da tartsatsi." Ita ce gaskiyar abin da ya faru. Tubali ya samu, ba gini ba. Ga shi kuma masana da yawa yanzu suna ganin iskar duniyar farko ta fi yawan kabon dayoksaid da naitarojin, kuma da irin wannan haɗin amfanin da ake samu yana raguwa ƙwarai. Haka dutsen da ya faɗo daga sama a Murchison ta Ostireliya a 1969, an sami amino asid iri-iri a cikinsa. "Masu rai a cikin dutsen sama" wani labari ne daban da ba wanda ya tabbatar.

Ɗalibin Likitanci: Saura ɗaya ɓangaren. "Dangin ma'adini" zai yi?

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji: Zai yi wa gishiri da tama da farar ƙasa. Amma amoniya da kabon dayoksaid iska ne, ba wanda zai kira su ma'adini. Tun da rukunin a Turance ma da korewa aka sa masa suna, mu ma mu kore: "waɗanda ba dangin kabon ba". A take ko jadawali, inda ake son gajarta, a ce "baren kabon".

Malamin Sinadarai: "Bare" ya zauna, tun da dama shi ne kishiyar dangi a bakinmu. Abu ɗaya kawai, Malama: kada a kai kalmar fagen noma. Organic na manoma ma'anarsa daban, shi ne wanda ba a sa wa takin zamani ko maganin feshi na masana'anta ba. Buhun yuriya takin zamani ne a wurin manomi, a wurinmu kuwa ɗan dangin kabon ne.

Mai Fassara: Na gode malamai. Na rubuta "dangin kabon" da "baren kabon", tare da ɗan bayani a farkon darasi cewa kabon dayoksaid da kabonet da sayanet suna cikin bare. Oganik da inoganik zan ambace su sau ɗaya, saboda ɗaliban da za su gamu da su a takardar jarrabawa.