Abin da na tsinta a hirarmu ta 'yan gudu

Kusan kowa ya ce kar ka ƙara nisan gudunka sama da kashi 10 cikin 100 a sati, yawancin ciwon gwiwa da ƙwauri gaggawa ce ke kawo su. Ka yi gudun da za ka iya hira ba haki, kuma kar ka raina barci da ranar hutu.

Amma wallahi abin da ya fi taɓa ni maganar wanda ya ji rauni ce, a riƙa kiransa a waya, a fita tattaki da shi, don zama shi kaɗai ne ke sa mutum ya ajiye takalmi gaba ɗaya. In ciwon ya ƙi tafiya a raka shi wurin likita.