Shin siginar lantarki daga ƙarƙashin ƙasa tana iya nuna lokacin girgizar ƙasa?

Ɗan Birni ya rubuta:

Assalamu alaikum. Tun bayan girgizar ƙasar da ta auka wa Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairun 2023, mai ƙarfin maki 7.8, nake cin karo da masu cewa ƙasa ba ta girgiza sai ta ba da alama, wai duwatsun da ke ƙarƙashinta suna fitar da siginar lantarki da ta maganaɗisu kwanaki kafin su tsage. Har na ji an ce akwai masana a Girka da suka kafa tashoshi musamman domin sauraren wannan sigina. Ina roƙon masana su warware mini: shin maganar tana da tushe? In kuwa tana da shi, me ya hana a riƙa kwashe mutane kafin gine-gine su rufta musu?

Malamar Fiziks ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Maganar ba ta fito daga iska ba. An tabbatar a ɗakin gwaji cewa idan aka matse dutse har ya kusa fashewa, yakan fitar da ɗan lantarki. Farin dutsen nan mai ƙyalli da ake kira kwaz yana da wannan hali, kuma dabarar ce ke cikin abin kunna murhun gas, wanda da zarar ka danna shi yake ba da tartsatsi ba tare da batir ba. Haka nan ruwan da ke kurɗawa cikin tsagar dutse yakan haifar da lantarki kaɗan.

Mutanen Girka da ka ji labarinsu su ne Varotsos da Alexopoulos da Nomicos, waɗanda tun 1981 ake kiran hanyarsu da VAN, daga haruffan farko na sunayensu. Sukan binne sandunan ƙarfe a ƙasa, wasu kusa da juna, wasu da tazarar kilomitoci, su riƙa auna bambancin ƙarfin lantarki tsakaninsu, idan sun ga sauyin da suka ɗauka alama ce sai su aika wa hukumomi saƙon telegiram. Sun ce sun yi dace a girgiza da dama, amma a 1996 mujallar Geophysical Research Letters ta ware fitowa guda domin muhawara a kan aikinsu, kuma babban abin da masu suka suka kama shi ne faɗin hasashen. Girka ƙasa ce da ba ta rabuwa da girgiza, saboda haka wanda ya ce za a yi ta cikin 'yan makonni a wani yanki mai faɗi, da wuya ya ji kunya, ko da bai auna komai ba. Hasashen da zai sa a kwashe gari dole ne ya faɗi wuri da lokaci da ƙarfi, kafin abin ya faru, kuma a ƙirga kurensa kamar yadda ake ƙirga dacensa.

Mai Binciken Ruwa ya amsa:

Malama ta yi bayani, amma bari in ƙara da abin da hannuna ya taɓa. Sana'ata ita ce duba wurin da za a haƙa rijiyar burtsatse, kuma aikin namu ma kafa sanduna ne a ƙasa, mu tura lantarki, mu karanta abin da ya dawo. Akwai ranar da muka yi awo a bayan gari, lambobin na'ura suka riƙa tsalle kamar an zuba musu barkono, har na fara zargin waya ce ta tsinke. Bayan mun ɓata kusan awa guda muka gano cewa wani mai walda ne a tsallaken hanya ya tayar da janareto, yana kashe shi kuwa komai ya daidaita. Ko yayyafi aka yi ya jiƙa gindin sanda ɗaya, karatun yakan sauya. To mu da muke tura lantarkin da kanmu ke nan, balle wanda yake jiran wata raunanniyar sigina daga zurfin kilomita goma, alhali layukan wuta da jiragen ƙasa masu lantarki da tashoshin rediyo da guguwar maganaɗisu da ke tasowa daga rana duk suna zuba nasu a cikin ƙasar. Wasu daga cikin siginar da tashar VAN ta Ioannina ta ɗauka ma, wasu masu bincike sun danganta su da na'urorin mutane ne.

Dattijon Jami'a ya amsa:

Shaidar da masu wannan ra'ayi suka fi tinƙaho da ita daga Kaliforniya ta fito. Kafin girgizar Loma Prieta ta ranar 17 ga Oktoban 1989, mai maki 6.9, wani masanin Jami'ar Stanford, Antony Fraser-Smith, yana da na'urar auna maganaɗisu a Corralitos, kimanin kilomita 7 daga cibiyar girgizar. Da aka duba bayananta daga baya, sai aka ga sigina ta ɗaga tun kusan mako biyu kafin ranar, ta kuma yi tashin gwauron zabi saura awa uku. Abin ya burge kowa, ni ma ya burge ni a lokacin. Sai dai na'ura ɗaya ce tak, babu ta biyu da za ta gaskata ta, kuma a 2009 wasu masana da suka sake nazarin bayanan suka ce matsalar na'urar ce ta fi kama da gaskiya.

Gwajin da na fi ba wa nauyi shi ne na Parkfield, wani ƙauye a Kaliforniya da ke kan doguwar tsagar dutsen ƙarƙashin ƙasa da ake kira San Andreas, inda girgiza mai maki 6 ta riƙa maimaituwa, har da ta 1934 da ta 1966. Masana suka yi tsammanin wata kafin 1993, suka cika wurin da na'urori iri-iri, har da na lantarki da maganaɗisu, suka zauna jira. Ba ta zo ba sai 28 ga Satumban 2004, kuma da ta zo babu wata bayyananniyar alama da ta riga ta. An haƙa tarko a daidai ramin, kura kuma ta wuce ba sawu. Bincike dai bai tsaya ba: Faransa ta yi amfani da tauraron ɗan'adam mai suna DEMETER daga 2004 zuwa 2010, Sin da Italiya kuma suka harba Zhangheng-1 a 2018, dukansu domin duba sauyin lantarki a saman sararin samaniya bisa yankunan girgiza.

Ɗan Birni ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai. To amma gargaɗin da ake cewa yana shiga wayoyin mutane a Japan fa, ba hasashe ba ne shi ma?

Malamar Fiziks ta amsa:

A'a, Malam, wannan yana zuwa ne bayan dutsen ya riga ya tsage. Girgiza tana aiko da igiya iri biyu: ta farko mai sauri ce, tana cin kusan kilomita 6 a daƙiƙa guda amma ɓarnarta kaɗan ce, ta biyu kuma, mai rusa gini, tana biyo baya da kusan rabin wannan gudu. Na'urar da ke kusa da cibiyar tana jin ta farkon, ta aika saƙo ta waya ya riga ta biyun isa gari. Japan ta fara sanar da jama'a ta wannan hanya a 2007, birnin Meziko kuma yakan sami kusan minti guda idan girgizar ta taso daga gaɓar tekun Guerrero, abin da ya isa a tsayar da jirgin ƙasa, 'yan makaranta su shige ƙarƙashin tebur. Wanda yake zaune a kan cibiyar kuwa, saƙon da girgizar tare suke iso masa.