Digirin Jamusanci da Sifaniyanci daga nesa: zai yiwu daga Garwa?

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da bak A4 na Jamusanci, wato takardar gama lise (sakandare) a sashen adabi da harsuna, ina kuma aiki a nan Garwa ta Kamaru, ba halin barin gari in koma Marwa ko Yawunde karatu. So nake in haɗa Jamusanci da Sifaniyanci in yi digiri ta intanet. Wace jami'a ce ke yin haka, shekara nawa yake ci, kuma in na gama gwamnatinmu za ta karɓi takardar? Masu sani a taimaka.

Malamin Lise, Marwa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka tambayi sunan jami'a, tambayi inda ake zaman jarrabawarta. Nan ne yawancin mutane ke tsayawa. Darasi yana iske ka har ɗaki, jarrabawa kuwa sau da yawa kai za ka je ka iske ta.

UNED, jami'ar karatu daga nesa ta Sifaniya, wadda aka kafa a 1972, tana da digirin harshe da adabin Sifaniyanci, kiredit (ma'aunin yawan karatu) 240, shekara huɗu ga wanda ba ya wani aiki. Da Sifaniyanci ake koyarwa tun ranar farko, kuma adabi da nahawu mai zurfi ake yi, ba koyon gaisuwa ba. Jarrabawa ido da ido ce, wajen Fabrairu da Yuni, sai zagayen gyara a Satumba. Tana da cibiyoyi a Malabo da Bata a Ikwatoriyal Gini, don haka ka lissafa kuɗin tafiya sau biyu a shekara, ko uku in an faɗi wani darasi.

FernUniversität ta Hagen a Jamus, tun 1974, ita ma da Jamusanci zalla take koyarwa. Tana da digirin nazarin al'adu, wato tarihi, adabi da falsafa, amma ba ta koya wa baƙo harshen. Sai ka nuna mata takardar ƙwarewa irin TestDaF ko DSH kafin ta ɗauke ka.

Wadda ta haɗa harsunan biyu a digiri ɗaya kamar yadda kake so ita ce Open University ta Ingila: kiredit 360 nata, shekara shida ga mai aiki, kuma tana ɗaukar mutum daga matakin farko. Sai dai bayani da Ingilishi ne, biya da fam, ga tsada. Rubuta musu ka ji ko suna rajistar mazaunin Kamaru kafin ka sa rai.

Mu da muka yi karatu da Faransanci, jami'o'in Faransa masu sashen karatu daga nesa sun fi mana sauƙi. Lisans, wato digirin farko, kiredit 180 ne, zango shida. A reshen harshe, adabi da al'adu da ake kira LLCER, harshe ɗaya ne babba, na biyu ka ɗauke shi a matsayin zaɓi. Reshen LEA kuwa harsuna biyu ne tare da tattalin arziki da shari'a, amma galibi ɗayansu Ingilishi ne, kada sunan ya ruɗe ka. Da yawansu a harabar jami'a suke jarrabawa, kuma rajistar karatu daga nesa ba ita ce biza ba.

Malama Mai Jamusanci:
Malam ya yi bayanin hanyoyi, ni lissafin lokaci zan yi maka, ɗana. Kiredit ɗaya na Turai awa 25 ne zuwa 30 na aiki. Shekara cikakkiya kiredit 60, wato awa 1,500 zuwa 1,800. Raba su a mako 40, ka ga kusan awa 40 a mako. Mai tashi aiki da la'asar ba shi da wannan. Rabin kaya za ka ɗauka, lisans na shekara uku ya zama shida. Wanda ya yi rajistar duka darussa don gaggawa, kuɗin ya tafi, makin bai zo ba.

A ganina kada ka fara harsunan biyu tare. Jamusancin lise daga katriyam (shekara ta uku a sakandare) zuwa tarminal (ajin ƙarshe) yana ba mutum nahawu a takarda, kunne da baki kuwa suna baya. Cibiyar Goethe, mai koyar da Jamusanci da jarraba shi, tana ƙiyasin darasi 350 zuwa 650, na minti 45 kowanne, kafin matakin ƙwarewa na B1, sai 600 zuwa 800 kafin B2 (matakan daga A1 suke har C2). Kai Jamusancinka B2 tukuna, sannan ka ɗora Sifaniyanci. Shi ba zai ba ka wuya sosai ba, don ɗan'uwan Faransanci ne: kalmomi da yawa da jujjuyawar aikatau za ka gane su tun a watannin farko. Inda ake zamewa shi ne a ɗauka Faransanci ne da aka sauya wa wutsiya, sai a cika takarda da kalmomin da babu su, a kuma gauraya ser da estar, aikatau biyu masu ma'anar kasancewa.

Jarrabawar Goethe ta B1 da B2 kashi huɗu ce: karatu, sauraro, rubutu, magana. Kowane kashi sai ka sami 60 cikin 100, amma wanda ka ci ya ciyu, wanda ka faɗi shi kaɗai za ka maimaita. DELE, jarrabawar ƙwarewa a Sifaniyanci, ba haka take ba. Rukuni biyu ne, karatu da rubutu gefe guda, sauraro da magana gefe guda, kowanne sai 30 cikin 50, in ɗaya ya faɗi duka za ka sake. Takardar DELE ba ta tsufa, ta SIELE, wata jarrabawar Sifaniyancin, shekara biyar ce. Cibiyar Goethe a Yawunde take, sai ka sa kuɗin mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa na dare da masauki cikin lissafi, kuma ka riƙe gurbi da wuri.

Ɗan Garwa:
Na gode Malam, na gode Mama. To maganar karɓar takardar fa? Burina koyarwa.

Tsohon Ma'aikaci:
Nan ne zan ɗan saɓa da masu cewa digirin waje ya fi. Takardar da aka samo daga wata ƙasa sai ta bi ta Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi, MINESUP, an ba ta ekibalans, wato shaidar cewa daidai take da ta gida, kafin ta yi aiki a konkur (jarrabawar neman gurbi) ko a ofishin gwamnati. Abin da ake dubawa shi ne ko ƙasar da jami'ar take ta amince da ita, da kuma takardun makinka na kowane zango. Ajiye su duka, har da rasit na rajista. Masu talla a Facebook da WhatsApp cewa za ka sami lisans a wata goma sha takwas ba jarrabawa, takarda ce ta ado, ekibalans ba za ta samu ba.

Sannan lisans kaɗai ba ya mayar da mutum malamin gwamnati. Takardar koyarwa a lise ita ce DIPES, daga makarantar horon malamai irin ENS ta Marwa, wadda ta zo tare da jami'ar a 2008, kuma shiga ta konkur ce mai iyakar shekarun haihuwa. In digirinka zai ci shekara shida, lissafa shekarunka yanzu. Makarantu masu zaman kansu, fassara da ƙungiyoyin agaji sun fi duba abin da bakinka ke iyawa, nan takardar B2 ko C1 takan fi magana.

Kuɗi kuma: yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi, kana iya tsara shekara guda. Fam yana hawa da sauka. Katin banki yana da iyakar biya a waje, ka je ka sa a ɗaga maka kafin makon rufe rajista. Bak ɗinka ma sai an buga masa hatimin tabbatarwa, an fassara shi wurin mai fassarar da ya yi rantsuwa in jami'ar ba ta Faransanci ba ce.

Na Kusuri:
Ƙananan abubuwa masu cin maki, yayana. Agogonmu ɗaya ne da na Jamus, Faransa da Sifaniya daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris sai su wuce mu da awa ɗaya. Aikin da aka ce a miƙa kafin sha biyun dare, ƙarfe goma sha ɗaya ne a Garwa, kuma na'ura ba ta jin magiya. Ga shi lokacin ne zafi ke tsanani, ana yawan ɗauke wuta. Miƙa aiki kwana guda kafin wa'adi, sauke darussa da dare ka ajiye a waya, ka riƙe layi biyu na kamfanoni daban.

Ƙara Jamusanci da Sifaniyanci a madannin kwamfuta da na waya, don ä, ö, ü, ß da ñ haruffa ne, barinsu kuskure ne da ake ja wa jan biro. Wajen furuci, ü da ö kana da kusan irinsu a Faransanci, r biyu na Sifaniyanci kuma bakin Bahaushe ya saba da kaɗa harshe. P da f ne ke tona mana asiri, sai ka riƙa ɗaukar muryarka kana saurare. DW, wadda muke ji da Hausa, tana da darussan Jamusanci kyauta daga A1 zuwa B1 da labarai da ake karantawa a hankali. Amma sauraro ba ya buɗe baki. Nemi malamin lise ko ɗalibin jami'a ku riƙa zama awa ɗaya sau biyu a mako, ba Faransanci ba Fillanci.

Malamin Lise, Marwa:
Ƙari kan ɓangaren al'adu, tunda rabin digirin ke nan. Idan aka zo rubutun bincike kada ka yi nisa. Jamus ta riƙe Kamaru daga 1884 zuwa 1916. Dakarun Hans Dominik sun yi yaƙi da Lamiɗo Zubairu a Marwa a Janairun 1902, Garwa ta kuɓuce wa Jamusawa a Yunin 1915, dutsen Mora kuwa Kyaftin von Raben bai miƙa shi ba sai Fabrairun 1916. Takardun wancan zamani suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Yawunde, da yawa cikin tsohon rubutun hannu na Kurrent, wanda sai an koye shi daban. A Sifaniyanci kuma ga adabin Ikwatoriyal Gini, maƙwabciyarmu da ta sami 'yanci a 1968. Tambayi jami'ar tun kafin rajista ko tana da malamin da zai duba bincike a kan Afirka, don ba kowane sashe ke da shi ba.