Neman kalma: me za mu kira "microaggression" kafin ƙarfe huɗu?

Mai Shirin Yamma: Salamu alaikum jama'a. Ina da shiri ƙarfe huɗu kan rikicin Jami'ar Missouri ta Amurka na 2015. Ɗalibai baƙaƙen fata sun yi ta kai ƙorafin wariyar launin fata, hukuma tana jan ƙafa, har wani ɗalibi Jonathan Butler ya shiga yajin cin abinci, 'yan ƙwallon makarantar suka ce ba za su buga wasa ba, shugaban jami'ar Tim Wolfe ya yi murabus ranar 9 ga Nuwamba. Duk na fassara wannan. Kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: microaggression. Ku agaza, furodusa yana tsaye a kaina.

Ɗan Fagge: Habaici. An gama.

Malamar Adabi: Ba a gama ba, ƙanena. Mai habaici ya san abin da yake yi, ya auna kafin ya jefa. Gugar zana da shaguɓe ma haka. Ita wannan kalma Chester Pierce ne, wani likitan ƙwaƙwalwa baƙar fata a Harvard, ya ƙirƙiro ta a 1970, kuma sau da yawa mai yi bai ma san ya yi ba. Malami ya ce wa yaron da aka haifa a Chicago, "Kai, Turancinka da kyau, a ina ka koya?" Shi a ransa yabo ya yi.

Baba Nahawu: Ɗigon raini. Ɗigo saboda ƙanƙanta, kuma ɗigo shi ke cika tulu. Jam'i, ɗige-ɗigen raini. Na jima da wannan kalma a littafina, lokacinta ne ya zo.

Ɗan Fagge: Baba, a rediyo fa za a faɗa. Mai shayi zai ɗauka maganin ido ake talla.

Baba Nahawu: Da aka fara cewa na'ura mai ƙwaƙwalwa ma an yi dariya.

Ɗan Fagge: Shi ya sa kowa kwamfuta yake cewa.

Alhajin Zariya: Ni ban ga abin wahalar da kai ba. Cin fuska cin fuska ne, babba ko ƙarami. Don Bature ya haɗa kalma sai mu ma dole mu haifo mata 'yar uwa? Hausa ba ta rasa sunan wulaƙanci ba.

Yayar Leeds: Alhaji, da girmanka, bambancin shi ne maganar gaba ɗaya. Lokacin da nake karatu a Ingila, mai gadin laburare ni kaɗai yake tambaya katin shaida, kullum, da murmushinsa. Na kai ƙara, aka ce ai bai zage ni ba, aka ba ni takardar cikewa. Haka jami'o'in nan suke: in an yi zagi a fili ko an zana alamar 'yan Nazi a bango, kamar yadda aka yi a banɗakin ɗakin kwanan ɗalibai a Missouri, sai sanarwa ta fito. Wannan ƙaramin kuwa, kwamiti da bita a intanet. A Missouri ma bitar dole kan zama da bambancin launin fata aka fara sanarwa a Oktoba, ɗaliban suka ce ba ta isa ba, suna so baƙaƙen malamai da ma'aikata su kai kashi 10 cikin 100. In ka ce cin fuska, mai sauraro zai ce to a kori mutumin mana, ba zai gane dalilin da ya sa hukuma take samun hanyar zillewa ba.

Ɗan Damagaram: Ina karantawa ina dariya. Kullum Kanawa ne za su zauna su yanke wa Hausa hukunci, mu sai dai mu ji a rediyo. Mu nan da Faransanci kalmar ta iso mana, ba wanda ya tambaye mu.

Ɗan Fagge: To kawo taka mana, malam.

Ɗan Damagaram: Ba kawowa ba ce matsalar, karɓa ce.

Alhajin Zariya: Kuma wa ya ce ni Bakano ne?

Mai Shirin Yamma: Don Allah jama'a, uku da kwata.

Malamar Adabi: Ka ce raini a fakaice. In kana so launin fata ya fito, wariya a fakaice. Karon farko ka bi ta da misali guda, na Yaya ya isa.

Yayar Leeds: Fakaice ma tana ɗan warin niyya, amma ta fi habaici.

Baba Nahawu: Wannan ba kalma ba ce, bayani ne. Kuma ina taruwar? Pierce taruwar yake nufi, abin da ke cin mutum shekara da shekaru. Ɗigo ne kawai ya riƙe wannan.

Mai Shirin Yamma: Baba, ka yi haƙuri. Na rubuta "raini a fakaice, irin wanda ke taruwa kaɗan-kaɗan". Na shiga situdiyo.

Baba Nahawu: Kaɗan-kaɗan ɗin nan ɗigona ne kuka sauya wa riga. Ba komai, ina nan.