Me za a ɗora idan lokaci ya ƙure?

Autar Zaure: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina neman shawara. Gida mai mutum shida, har da yaro ɗan wata 10, kowa ya dawo da yamma a gajiye ga yunwa. Wane girki ne ba zai wuce rabin awa ba, kuma ba taliya kullum ba?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam 'yata. Abin da ke cin lokaci a girki shi ne suyar tumatir da albasa, don haka a yi ta sau ɗaya a ranar hutu, ta ɗauki mako. Tumatir kilo 2, tattasai 4, manyan albasa 4, man girki kofi ɗaya. Ki markaɗa tumatir da tattasai da albasa biyu, ki zuba a tukunya mai faɗi ba mai ba murfi, ya yi ta tafasa kamar minti 30 har ruwan ya ƙone. Sannan ki yanka sauran albasar, ki soya ta a man a matsakaiciyar wuta minti 10 har ta yi laushi, ki juye tumatirin a kai ki riƙa juyawa. Alamar ya soyu ita ce mai ya taso sama, launin ya yi duhu, tsamin ya tafi. Masu zuba ɗanyen markaɗe cikin mai kai tsaye su ne miyarsu ke tsami, saboda ruwan ya hana shi soyuwa, dahuwa kawai yake yi. Kada ki sa gishiri ko barkono yanzu. Ki raba shi ludayi bibbiyu a leda, ki baje ledar ta kwanta, don ta fi saurin daskarewa da saurin narkewa. A firij kwana 3 zuwa 4, a firiza wata 3.

Maman Tagwaye: Hajiya ta gama magana. Da leda ɗaya a hannu, shinkafa tukunya guda ce mafi sauƙi. Shinkafa kofi 3, ki wanke har ruwan ya daina fari. Ki zuba suyar a tukunya ta yi zafi, ki juye shinkafar ki juya minti biyu ta sha man, sai ruwan zafi ko romo kofi 5, gishiri, kayan ƙamshi. Yana tafasa ki rufe, ki rage wuta ƙasa sosai minti 18. Karas yankakke ƙanana ya shiga tun farko, kabeji da koren wake kuma a minti biyar na ƙarshe, a zuba a sama ba a juyawa. Ki sauke ki bar ta a rufe minti 10. Buɗe murfi da yawan juyawa su ke sa ta caɓe a sama ta yi ƙanzo a ƙasa.

Baban Yara: Ƙarin bayani kan ruwan: ya danganta da shinkafar. Mai turare ta fi shan ruwa, kofi ɗaya na son kusan kofi biyu da minti 25. Basmati kofi ɗaya da rabi ya ishe ta. In ruwa ya ƙone ba ta dahu ba, a yayyafa rabin kofin ruwan zafi a mayar da murfi, kada a kwarara mai sanyi.

Anti Malama: Ni ƙwai zan kawo, don mutane sun raina shi a matsayin abincin dare. Ludayi biyu na suyar nan a kasko mai faɗi, ruwa kaɗan, ya yi zafi. Ki yi ramuka da bayan cokali ki fasa ƙwai a ciki, shida zuwa takwas, ki rufe minti 6 zuwa 8 a ƙaramar wuta. A ci da burodi ko dafaffen dankali. Na yara a bari farin da kwaiduwar su daskare sarai. Dankalin kuma in an yanka shi ƙanana kamar kan yatsa, minti 10 zuwa 12 ya nuna. A fara shi cikin ruwan sanyi da gishiri don kada bayan ya dame cikin yana da ƙarfi.

Autar Zaure: Allah ya saka da alheri. Wake fa Anti? Yara na son sa amma yana cinye awa biyu.

Anti Malama: Wake ma ba girkin ranar aiki ba ne, na ranar hutu ne. A jiƙa shi awa 8, a zubar da ruwan jiƙon, a dafa da sabon ruwa, a raba a daskarar tare da ɗan romonsa don kada ya bushe. Kofi ɗaya busasshe na ba da kusan kofi biyu da rabi dafaffe. Abin da ke hana shi nuna abu biyu ne: tsufan waken, da zuba tumatir ko lemon tsami da wuri. Tsami na ƙarfafa ɓawonsa, don haka sai ya yi laushi tukuna a haɗa shi da miya.

Maman Tagwaye: Anti ba gishiri ne ke hana shi dahuwa ba? Haka aka saba faɗa.

Anti Malama: A'a 'yar'uwa, an ɗora wa gishiri laifin da ba nasa ba. Ki sa tun farko, waken ya fi daɗi har ciki. Abin kiyayewa shi ne jan waken nan mai siffar ƙoda: dole ya tafasa da ƙarfi aƙalla minti 10, saboda yana da wani sinadari da ke sa amai da gudawa in bai sha tafasa ba. A tukunya mai matsin tururi kuma kada wake da ruwansa su wuce rabi, kumfa na toshe hancin da tururi ke fita.

Yaya Nas: Bari in ja hankali kan ajiya, don a nan ake samun matsala. Dafaffiyar shinkafa ba a barin ta a tukunya ta kwana. Akwai ƙwayar cuta da ke tsira daga dahuwa, in shinkafar ta daɗe da ɗumi sai ta hayayyafa ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. A baje ta a faranti mai faɗi ta huce cikin awa ɗaya, a sa a firij, a ci kashegari, a ɗumama sau ɗaya tak har tururi ya fito daga tsakiya. Sauran abinci kada ya wuce awa 2 a waje. Firij ya kasance ƙasa da digiri 5, kaza kuma in ana dafa ta cikinta ya kai digiri 75. In wuta ta ɗauke, firij da ba a buɗe ba na riƙe sanyi kamar awa 4, cikakkiyar firiza kwana 2, mai rabi kwana ɗaya. Shi kuma ɗan wata 10, a ɗebe nasa kafin a sa gishiri da barkono da dunƙule, a murje masa da cokali. Zuma kuwa sam, sai ya cika shekara.

Hajiya Babba: Dalilin da na ce a bar suyar ba gishiri ke nan. Kuma Auta, kada ki raina taliyar. Gram 500 ya ishi gidanku, ruwa mai yawa, gishiri bayan ya tafasa. Ki tsame ta saura minti biyu ta nuna, ki ajiye kofi ɗaya na ruwan dahuwar, ki ƙarasa ta cikin suyar da kifin gwangwani biyu da alayyafo. Ruwan nan mai sitaci shi ke sa miyar ta kama jikinta. Kada a ɗauraye ta da ruwan sanyi.

Baban Yara: Na nama: cinyar kaza da aka cire wa ƙashi, a yanka ƙanana, ta fi ƙirji jure wuta. A tsane ta da kyau, kasko ya yi zafi, a soya kashi biyu. In aka cika kaskon sai ta fitar da ruwa ta dahu a ciki, ba za ta yi ja ba. Tafarnuwa a ƙarshe, rabin minti, in ta ƙone ɗaci take yi. Wadda ke firiza a sauko da ita firij tun dare a cikin kwano, a ƙasan komai, don ruwanta kada ya ɗiga kan wani abinci.

Autar Zaure: Na gode ƙwarai. Tambaya ta ƙarshe, miyar da ke da dankali a ciki za ta daskaru?

Maman Tagwaye: Miyar za ta yi, dankalin ne ke lalacewa, yana narkewa ya zama garas-garas mai ruwa. Ki daskarar da miyar ita kaɗai, ranar ci ki dafa sabon dankali ki zuba, minti 12 ne.