Wa ke biyan kuɗin masaukin baƙin haure a New York?

Maman Haidar: Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ya isa New York a 2023, aka sauke shi a otal ɗin Roosevelt, ci da kwana kyauta. Wai da gaske aljihun birnin ne ke biya, ba gwamnatin tarayyar Amurka ba?

Direban Bronx: Wa'alaikumussalam Hajiya. Mafi yawa birnin ne. Tun 1981 akwai yarjejeniyar kotu da ta tilasta wa hukumar birnin bai wa marar matsuguni wurin kwana. Baƙi sama da 200,000 suka shigo tun 2022, kuɗin ya kai biliyoyin daloli. Shi ya sa Magajin Gari na wancan lokacin, Eric Adams, ya yi ta kuka, har aka taƙaita wa gwauraye kwana 30, masu iyali 60.

Baba Zango: Harajin da muke biya ne, ɗiyata. Ni ban ƙi ba, amma haya a Bronx ta kai mana iya wuya.

Maman Haidar: To asibiti fa, Baba? Yana fama da gyambon ciki.

Direban Bronx: Ya nemi katin NYC Care, shirin kula da lafiya na asibitocin hukumar birnin. Ba ruwansu da takardunsa, gwargwadon samunsa zai biya.