Abin da aka tattaro kan matasa, waya da tsattsauran ra'ayi

'Yan uwa, ga abin da na tsinto daga tattaunawar da aka yi kan yadda za a kare matasa daga tsattsauran ra'ayin da ake yaɗawa ta waya:

1. Kusan kowa ya yarda a daina tura bidiyon Boko Haram ko ISWAP a WhatsApp, ko da niyyar tsine musu ne. Yaɗawar suke nema.

2. Matasa masu ilimin addini su riƙa yin gajerun bidiyo da Hausa da Kanuri suna warware shubuhohin waɗannan ƙungiyoyi. Wasu sun ce sai malami ya duba tukuna, ni ma nan na karkata.

3. Zaman banza ya sha ambato a matsayin abin da ke jefa matasa cikin tsattsauran ra'ayi: a koya musu gyaran waya.

An rabu kan katse layukan waya, kamar a Borno, Yobe da Adamawa a 2013. Wasu sun ce ya dagula wa maharan lissafi, wasu kuwa sun ce talaka ne ya rasa hanyar neman agaji.